Tocilar Yaya Ɗantsoho

Akwai waɗanda Allah ya ba hankali ya haɗa musu da shiru, akwai kuma waɗanda ya ba baki kawai ya ce su je su nemi sauran. Muntari na Jega yana cikin kashi na biyu, kuma har yanzu neman yake yi.

Shekarar da aka yanke Kabi daga Sakkwato kowa ya tashi da sabon buri, amma na Muntari ya fi na kowa yawa. Ya yi kiwon zabi, suka tashi sama ranar da ya gayyato masu saye. Ya ɗauki ƙanƙara a keke da rana tsaka zai kai Aliero, ya isa da ruwan ɗumi. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce jihar ce ba ta gama zama ba.

Matarsa Tasalla ba ta daɗe da tarewa ba. Kunya gare ta kamar ta nutse. Ko sunansa ba ta faɗa, in yana nan "Malam", in ba ya nan "shi". Sai kakarsa Gudiya, tsohuwa mai baki kamar aska, wadda ke wuni a gindin zogale tana kaɗi tana jiran abin da jikanta zai ɓallo.

Wata rana yayan Tasalla, Ɗantsoho, direban babbar mota mai kai albasar Aliero Ikko, ya shigo gidan Muntari ba ya nan. Ya warware wani tawul ya fito da tocila. Baƙa ce wuluk, ta ƙarfe, tsawonta ya kai damtse, kanta kamar bakin kofi. Ya ce irin ta sojojin ruwa ce. Wani mai shago a Ikko ya ba shi samfur, domin sababbi suna nan tafe a jirgi, kuma yana son a tambayo masa masu gadi da masunta na Arewa irin ruwan da ya kamata su jure, yayyafi ko ruwan sama ko nutso, kafin ya yi odar wasu. Sharaɗin ɗaya ne, a mayar masa da samfurin kamar yadda ya bayar, in ba haka ba ya ba wani direba wakilcin.

"Zan kai lodi Yawuri, ranar kasuwa in dawo in amsa," in ji Ɗantsoho. "Ki aje min, Salla. Kowa na iya ganinta garin ga, ban da mutum guda."

Bai faɗi suna ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta sa tocilar cikin kwalla ta ƙarshe a ƙasan jerenta, ta ɗora sauran a kai.

Abin da ba ta sani ba, duk lokacin da ta shiga wanka Muntari yakan bi kwallayen nan ɗaya bayan ɗaya yana neman dakuwa. Washegari ta fito da bokiti a hannu, ta tarar da shi tsakar gida yana haska tafin hannunsa.

"Tasalla, wagga fa?"

"Ta Yaya ce, Malam. Amana ce."

Ya yi ta jan ta da tambaya har ta faɗi duk abin da Ɗantsoho ya ce, ban da zancen mutum guda. Muntari ya zauna a kan turmi, ya tura hula ƙeya.

"To ai tambayar ga ni ya kamata a yi ma. Direba mi ya sani ga ruwa, in ba na lagireto ba? Ki saurara ki ƙaru. Ruwa ba ɗaya ba ne. Na randa talaka ne, inda anka aje shi nan yake kwana. Na inji ɗan boko ne, da gudu yake zuwa ba sallama. Na rijiya dattijo ne. Gulbi kuwa shi ne gwamna. Sai tocila ta gaisa da su dut kahin a san matsayinta. In na gama, mai shagon ga da kansa zai naɗa ni wakilin tocila na Jega da Aliero da Maiyama."

Gudiya ba ta ɗago daga mazarinta ba. "Angona, kai da ko wanka sai an yi maka wa'azi, yau kai ne malamin ruwa?"

"Tsohuwa, ke zamanin haska hanya da jiniyar ciyawa kika sani. Ki yi kallo."

Tasalla ta ce, "Malam, wai..."

Ya kunna tocilar ya jefa a randa. Da yake rana ce tsaka, ba a ganin ko tana ci ko ba ta ci. Gudiya ta ce ya bari sai duhu ya yi mana. Ya ce gwaji na ilimi da rana ake yinsa. Gaskiyar magana, Muntari in an yi isha'i ko bayan gida ba ya zuwa sai Tasalla ta riƙe masa fitila a ƙofa tana yi masa tari don ya san tana nan.

Sai ya fizgo zanenta daga igiyar shanya, ya lulluɓe kansa da bakin randar, ya tura kai ciki. Bai gani da kyau ba, ya ƙara turawa. Kafaɗu suka bi kai, ƙafafu suka bar ƙasa. Randar ta yi tunani kaɗan, sannan ta kwanta da shi, ta dare biyu. Ruwa ya kwashi kaji ya yi zaure da su. Muntari ya tashi zaune cikin caɓi, zane a ka kamar amarya, ya ɗaga tocilar sama.

"Tana ci."

"Randa dai ta riga mu gidan gaskiya," in ji Gudiya. "Allah shi jiƙanta, ba ta taɓa cin zalin kowa ba."

Tasalla ta karɓi tocilar a hankali kamar jariri, ta shiga ɗaki ta goge ta, ta sa ta cikin mayafi ta danna. Haske ya cika mayafin. Ta sauke numfashi. Wannan karon ta ɓoye ta cikin tukunyar daddawa, don ta san ba ya son warin.

Da safe ya ɗaure hanci da rawani ya ciro ta. Ya tarar da Tasalla tana dama kunu, sai wata sabuwar hikima ta sauko masa.

"Na manta da wani ruwan. Mai gadi shina shan kunu da asuba. In ta hwaɗa ciki fa?"

Ya karɓe ludayin ya ajiye, ya dama kunun da tocila. Ranar nan gidan suka karya da kunu mai ɗanɗanon daddawa da ƙarfe. Gudiya ta kurɓa sau ɗaya ta ce tun da take ba ta taɓa shan kunun da ke kallonta ba.

Da ya fita, Tasalla ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Kaka, ki yi mai magana. Yaya na dawowa ranar kasuwa. Mi zan ce mai?"

"Ɗiyata, tun shina rarrafe nike yi mai magana. Kin ga inda ta shiga? Kuma ni na tsuhwa, ba ni zuwa dambe, ba ni zuwa biki. Allah ya kawo min kallo har gida, ki ce in kore shi?"

Da ta ga ba mafita, Tasalla ta yanko bakin wani tsohon zane, ta tufka igiya mai ƙarfi, ta ɗaura a gindin tocilar da madauki daidai wuyan hannu. Ta ce a ranta, in ba a iya raba shi da ita ba, a ƙalla a ɗaure su tare.

Rana ta gaba ya hau kabu-kabu ya tafi Aliero. Labarinsa ya riga shi dawowa, a bakin Ɗalha mahauci, makwabcinsu, wanda ya je can sayen rago. Ɗalha ya tsaya ta bayan darni yana ba Gudiya, Tasalla tana bakin ƙofar ɗaki tana tsintar shinkafar da ta riga ta tsince.

Wai Muntari ya sami manoma a fadama, wasu suna ban-ruwa da inji, wasu sun tone albasarsu sun baza tana shan iska. Ya hau kan wani buhu ya yi musu bayani, ya ce duk mai gadin rumbun albasa da ba shi da irin wannan tocila, gara ya je ya kwanta.

Wani dattijo ya ce, "Malam, mu albasarmu in anka tone ta ba ta son ko raɓa. Inda muka aje ta ba ruwa. Mi za mu yi da tocila mai shiga ruwa?"

"In ɓarawo ya sato ya hwaɗa gulbi fa?"

"Da buhun albasa bisa kai? To ai ya hutar da alƙali."

Aka yi dariya. Muntari ya ce dariya ba hujja ba ce, a kashe inji. Aka kashe. Ya cire igiyar daga hannunsa, ya tura tocilar cikin bakin mesar injin har ta zauna daram, ya tsaya a gabanta ya ce a tayar.

"Kaka, mesar nan ta kumbura," in ji Ɗalha, "awa ta haɗiye ɗan akuya. Inji na kuka, mai inji na salati. Shi ko angonki ya duƙa shina leƙen bakin, wai shina son ya ga ko tana ci."

"Ta ci?"

"Ta ci shi dai. Ta hito awa harsashi, Allah ya sa ya kare da hannu. Mesa ta samu 'yanci ta shiga rawa, ta bi albasar da anka baza dut ta yi mata wanka."

Manoman ba su doke shi ba, in ji Ɗalha, mutanen kirki ne. Sun dai sa shi ya tuɓe babbar rigarsa ya bi albasar nan ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, har rana ta yi sanyi. Daga nan aka raka shi wurin mai ɗori aka ɗaure masa ɗan yatsa da karare.

Tasalla ta tattara duk ƙarfin halinta ta ce ta bayan ƙofa, "Ita fa?"

"Wa? Au, tocilar. Cikin kwamin albasa anka tsince ta. Ita ba ta je wurin mai ɗori ba."

Da la'asar sakaliya Muntari ya shigo da yatsa a miƙe kamar mai neman izinin magana. Warin albasar da ke rigarsa ya sa kowa hawaye, har kaji suka koma zaure da kansu.

"Aliero sun shaida," ya ce. "Ba wanda ya tahi sai da na taɓa albasarsa."

Tasalla ta karɓi tocilar ta shiga ɗaki. Ga ƙujewa a gefe, ga laka a makunni. Ta goge, ta shafa ɗan man gyaɗa a ƙujewar, ta danna cikin mayafi. Tana ci. Ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallonta, tana jin tausayinta kamar baƙuwar da aka aurar gidan da ba a bincika ba.

Sai rijiya. Muntari ya ce rijiyoyin Jega ba su da zurfin da ya dace da darajar tocilar, don haka ya tafi Giwa Tazo ta ƙasar Maiyama, inda ya ji ana cewa akwai wata tsohuwar rijiya mai nisa. Ya tarar da mata sun yi layi da tuluna. Ya ce aikin jiha ne, su ɗan dakata. Ya kunna tocila ya sa a guga ya zura.

Wannan karon dai an ga haske, don ƙasan rijiya duhu ne. Wata tsohuwa ta leƙa ta ga ido ɗaya jajir yana kallonta daga cikin ruwa, ta yar da tulu ta yi cikin gari tana kiran sunayen Allah. Kafin Muntari ya jawo gugan, rabin ƙauyen ya iso da liman a gaba. Garin leƙawa ya nuna musu, hularsa ta faɗa, ta bi bayan tocila.

Liman mutum ne mai natsuwa. Ya juya tocilar ya shinshina.

"Mi ke cikinta?"

"Batir, Allah gafarta Malam."

"Da mi anka yi batir?"

Muntari ya shiga gyaran igiyar guga.

"Kuma ina jin warin daddawa," in ji liman. "To, ban ce najasa ce ba, ban ce ba najasa ce ba. Ita hular kuwa na gan ta kahin ta hwaɗa, ba ni da shakka a kanta. Sai a kwashe ruwan har sabo ya ɓuɓɓugo. Wanda ya zura shi ka kwashewa."

Muntari ya wuni yana jan guga da hannu ɗaya da rabi, mata suna zaune a inuwa suna gyara masa tsayuwa. Ya dawo gida ba hula, bayansa a lanƙwashe, tafin hannu duk kanta.

"Angona, ina hula?" in ji Gudiya.

"Na bar musu ta tarihi."

"Da ka bar musu kan ma, ai ba aiki yake maka ba."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce saura gwamna. Gobe ranar kasuwa, gaban jama'ar Jega da baƙinta, zai shiga gulbi da tocila.

Tasalla ta ƙirga kwanaki. Gobe Yaya zai dawo. Tana zuba masa tuwo ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, ka iya ruwa?"

"Mi ne abin iyawa ga ruwa? Agwagwa ma ta iya, wace makaranta ta yi?"

Da safe ya zaga kasuwa da kansa yana shela, daga 'yan hatsi zuwa kara wurin 'yan dabbobi, daga kara zuwa tasha. Bayan la'asar bakin gulbi ya cika, kusa da gada. Gudiya ta ce ko a kan jaki sai ta je, kuma tana bukatar kafaɗar da za ta dafa. Muntari ya ce Tasalla ta zo, ta ga irin mijin da Allah ya ba ta. Ta ja mayafi har kan hanci, ta tsaya bayan tsohuwar.

Akwai Sarkawa a bakin ruwan suna gyaran taru. Muntari ya nufi babbansu, wani mai suna Sabo, ya ce a ara masa gora, babban goran nan da masunta ke kwanciya a kai su yi iyo.

Sabo ya dube shi sama da ƙasa. "Ka taɓa hawa?"

"A mahwarki ma na hau."

"To ji nan. Bakin goran sama yake kallo, ka kwanta ka rufe shi da cikinka. Kuma ka tsaya nan gefe inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Ka ga sandunan can da anka ɗaura ma kaba? Gurbin kifi ne, Sarkin Ruwa ya rufe shi har ranar su, ranar da kowa ka shiga kamu. Kada ka kusance shi."

"Malam Sabo, kifi za ka koya ma, ba ni ba."

Ya tuɓe riga, ya juya ga jama'a ya yi jawabi a kan sabuwar jiha da sabon haske. Yana cikin ɗaga hannu sai Ɗalha mahauci ya hango igiyar da ke wuyan hannunsa.

"Muntari, wannan fa? Ko amarya ta ɗaure ka kada ka ɓace?"

Dariya ta tashi. Muntari ya dubi igiyar zanen kamar yau ya fara ganinta. Ya zare madaukin, ya kwance ƙullin, ya jefar kan yashi.

"Igiya ta akuya ce."

Tasalla ta matse kafaɗar Gudiya har tsohuwar ta ce, "Ke, ni ban yi miki komi ba."

Ya kunna tocila, ya shiga ruwa, ya kwanta a kan gora. Bakin goran ya tokare masa ciki, ga shi ya ci tuwo da yawa don ya sami ƙarfi. Sai ya ga ai Sarkawa ba su da dabara, ga wuri mai kyau na riƙewa sun mayar da shi na kwanciya. Ya mirgina goran, ya kawo bakin gaba, ya saƙala yatsunsa a ciki kamar mai riƙe da kan babur.

Sarkawa suka ajiye taru gaba ɗaya.

"Mai da bakin sama," in ji Sabo.

"Sabuwar hanya ce," Muntari ya amsa, yana harba ƙafa.

Goran ya fara sha, ɓul, ɓul, ɓul, kamar raƙumin da ya dawo daga Agadas. Ruwa kuma ya ɗauke su a hankali, ya bar gefe da su, ya nufi sandunan kaba. Muntari ya tsoma tocilar ya ɗago, ya tsoma ya ɗago, yana ce wa jama'a su duba. Jama'a kuwa goran suke duba, don saura bayansa kaɗai ake gani. Suna wuce sandar farko goran ya ƙoshi, ya yi sallama ya sauka. Muntari ya tsaya a kan ruwa na ɗan lokaci da ikon Allah, hannu ɗaya da tocila, ɗaya da karan ɗori, sannan ya bi shi.

Sarkawa biyu suka yi tsalle. Suka fito da shi ta wando, suka shimfiɗa shi a yashi, Sabo ya danna masa ciki, ya mayar wa gwamna abin da ya sha. Da ya buɗe ido, Tasalla ta fara duba fuskarsa, ta gode wa Allah. Sannan ta dubi hannunsa. Ba komai sai yashi.

Ta raɗa wa Gudiya magana, Gudiya ta ɗaga murya. "Sabo, yarinyar ga ta ce don Allah a nutsa a ɗauko tocilar. Ba tasu ba ce, amana ce."

Sabo ya girgiza kai. "Inna, mutum muna hidda shi ko yaushe, wannan ba a hana ba. Amma abin da ya kai ƙasan gurbi, ko allura ce, sai ranar da anka buɗe su. Gorana ma yana can, kin ji na ce a ɗauko? In na nutsa yau, gobe kowa ya ce zobensa ya hwaɗa, ya hito da kifi a wando."

"Yaushe za a buɗe?"

"In ruwa ya ja, kifi ya yi ƙiba, Sarkin Ruwa ya ga dama."

Tasalla ta zauna a kan yashi inda take. Ta tsinci igiyarta ta riƙe, don ta rasa abin da za ta yi da hannunta.

Aka kira magariba, maza suka yi salla nan bakin ruwa. Suna sallamewa wani ya nuna gurbin. Can ƙasa, tsakanin sandunan kaba, wani haske kore-kore ya fara bayyana, yana ƙara ƙarfi yadda rana ke ƙara faɗuwa. Kifaye suka taru suna zagaya shi kamar an kira su taro. Waɗanda suka kama hanyar gida suka dawo. Mutane suka cika gada har motoci suka tsaya.

Muntari, wanda aka lulluɓa wa buhun albasa yana rawar ɗari, ya miƙe tsaye.

"Mi nac ce muku? Ku duba da kyau. Gwamna da kansa ya kasa kashe ta."

Cikin motocin da suka tsaya har da wata babba da ta fito daga Yawuri. Direbanta ya yi ta hon, ba wanda ya matsa, ya sauko ya ga abin da ake kallo. Ɗantsoho ya dafa ƙarfen gada ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe. Sannan ya gangaro bakin ruwa a hankali, ya ratsa mutane har ya tsaya gaban ƙanwarsa.

"Salla, ina amanata?"

Ba ta iya ɗaga ido ba. Ta nuna gurbin da haɓa.

"Yaya, sannu da hanya," in ji Muntari, yana gyara buhu kamar alkyabba. "Na hutar da kai. Randa, kunu, inji, rijiya, ga gulbi. Ka hwaɗa ma mai shago ya turo jirgin, kuma zancen wakilci ba sai mun yi gardama ba, ni da kai duk ɗaya ne."

Ɗantsoho ya tambayi Sabo ko akwai yadda za a yi, Sabo ya ba shi amsar da ya ba Gudiya, har da ƙibar kifi. Ya zauna a kan yashi kusa da Tasalla, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya dai ga inda wakilcinsa ya kwanta, can ƙasan gurbi, yana ci kuma.

"Ba laihinki ba ne," ya ce mata. "Ni na kawo ta gidan. Amma mutumin ga zai tambaye ni, ko don ya san abin da zai yi oda. Ke kika ga komi tun daga farko. Mi zan ce mai?"

Mutane suka matso, don kaɗan ne suka taɓa jin muryar matar Muntari. Tasalla ta murza igiyar da ke hannunta, ta yi magana cikin mayafi. Ba wanda ya ji sai Gudiya. Tsohuwar ta yi dariya har ta dafa ƙasa, sannan ta share ido ta juya ga jama'a.

"Ta ce ruwa bai yi mata komi ba. Ta ce a hwaɗa ma masu ƙerawa su bar wahalar da kansu a kan ruwa. Masu zuwa dai a yi su da nauyi, yadda shi ba ya iya ɗauka."

Dariyar ta fara daga bakin ruwa ta hau har kan gada. Muntari ya jira ta lafa, yana gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa kirari.

"To kun dai ji da kunnenku," ya ce. "Har iyalina ta shaida. Ruwa bai yi mata komi ba."